SHARHI: Sabara, anza da filasko: Tazarar da ke tsakanin "an gano sinadari" da "an samu magani"

Duk wanda ya fita daga birnin Damagaram ya nufi ƙauyukan Dakusa, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Takeita, ba zai yi nisa ba zai fara cin karo da sabara a bakin gonakin gero da wake. Ƙaramar bishiya ce mai ganye toka-toka, wadda manomi ke sassabewa kafin shuka, ita kuma ta sake tohowa kamar ba a taɓa ta ba. A gidajen yankin, ita ake fara tunawa idan ciki ya ɓaci, ko tari ya matsa, ko za a dafa ruwan wankan mai jego.

A ƴan shekarun nan sabara ta samu sabuwar kasuwa. Ta bar tukunyar kaka ta shiga leda mai tambari, ta hau TikTok da WhatsApp, har tana bin jakunkunan matafiya zuwa Libiya, Aljeriya, Saudiyya da Faransa. Masu tallar kuma sun samu sabon kirari. Sukan ce binciken masana ya gano ganyen na ɗauke da alkaloyid, filabonoyid, tanin da safonin, saboda haka yana maganin ciwon suga, hawan jini, shawara, har da daji.

Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, domin sinadaran na nan a cikin ganyen. Rabi na biyu kuwa tsalle ne aka yi daga ɗakin gwaji zuwa gadon asibiti, aka tsallake matakan da kan ci shekaru. A cikin wannan giɓi ne mutane ke asarar kuɗinsu, wasu su yi asarar ƙodarsu, ƙasa kuma ta yi asarar damar mayar da ganyenta magani na ƙwarai.

Me ya sa maganar ta taso yanzu?

Akwai dalilan da suka sa jama'a suka ƙara karkata ga ganye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ko ECOWAS ya toshe hanyar shigo da kaya ta tashar ruwan Kwatano, magunguna da yawa suka yi ƙaranci a kantunan Nijar. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma iyaka da Benin ta ci gaba da zama a rufe, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Daga 1 ga Satumban 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, wanda ya kawo sauƙi, sai dai takardar magani da likita ya rubuta har yanzu nauyi ce a kan talaka. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumar USAID, abin da ya girgiza shirye-shiryen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a ƙasashen Afirka da dama.

Cutar kuwa ba ta sassauta ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na 2024 ya nuna zazzaɓin cizon sauro ya kashe kimanin mutum 597,000 a duniya a 2023, kuma kusan kashi 6 cikin 100 na waɗannan mace-mace a Nijar suka faru. Najeriya da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ne kawai ke gabanta.

A daidai wannan lokaci ne maganar dogaro da kai ta cika bakin hukumomi, kuma maganin gargajiya na cikin abubuwan da ake ambata duk ranar 31 ga Agusta, wato Ranar Maganin Gargajiya ta Afirka. Ita ma WHO, a babban taronta na watan Mayun 2025 a Geneva, ta amince da sabon tsarin maganin gargajiya na 2025 zuwa 2034, wanda ya ɗora nauyi a kan hujjar kimiyya da sa ido. Kenan kowa ya yarda akwai amfani a cikin ganye. Abin da ya rage shi ne a san wane ganye, ga wace cuta, a wane awo.

Abin da ake yi a ɗakin gwaji

Yawancin takardun da masu talla ke kafa hujja da su, gwajin matakin farko ne, irin wanda ɗalibin jami'a ke yi don kammala digiri. Ana tsinko ganye, a shanya a inuwa, a daka ya zama gari, a jiƙa a ruwa ko a sinadarin etanol ko metanol, a tace, sannan a ƙafar da ruwan har a samu wani abu mai danƙo. Wannan shi ne tataccen ganye.

Daga nan sai a riƙa ɗiga masa wasu ruwan gwaji. Idan aka zuba ruwan Dragendorff aka ga gudaji masu launin lemo, sai a rubuta akwai alkaloyid. Idan aka ɗiga ruwan gishirin ƙarfe ya koma shuɗi mai duhu ko kore, akwai tanin. Idan aka girgiza da ruwa kumfa ta tsaya ba ta faɗa ba, akwai safonin.

Matsalar ita ce waɗannan sunaye ba na sinadari ɗaya ba ne, sunayen dangi ne, kowanne da dubban ƴaƴa. A dangin alkaloyid akwai kafin da ke cikin goro da shayi, akwai kinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓi da shi, akwai nikotin na taba, akwai kuma sitirikinin da ake kashe ɓera da shi. Don haka cewa ganye na da alkaloyid daidai yake da a ce wane Bahaushe ne, alhali ba a faɗi garinsu, sana'arsa ko halinsa ba. Ganyen shayin da matasa ke dafawa a fada kullum ma zai ci yawancin waɗannan gwaje-gwaje.

Mataki na gaba shi ne a ɗiga tataccen ganyen a kan ƙwayoyin cuta a cikin faranti. Nan ma akwai tarko. Abubuwa da yawa na kashe ƙwayar cuta a faranti, har sabulu da ruwan bilic. Jikin mutum kuwa yana da ciki mai narkar da abu, da hanta mai farfasa shi, da ƙoda mai fitar da shi. Sinadarin da ya yi aiki a faranti na iya kasa kaiwa jini, ko ya kai amma sai an sha adadin da zai illata hanta. Shi ya sa ake bi ta kan dabbobi, sannan mutane kaɗan masu lafiya, sannan majinyata, ana kwatantawa da maganin da aka riga aka sani. Ko a manyan kamfanonin duniya, kusan tara cikin goma na magungunan da suka kai matakin gwaji a jikin mutum ba sa kai labari.

Ba yau aka fara wannan aiki a Nijar ba. A 1980 wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Edouard Adjanohoun ta wallafa kundin tsirran magani na ƙasar. A 1992 kuma masana kimiyyar sinadarai na jami'ar Yamai, ciki har da Khalid Ikhiri da Dan Dicko Dankoulodo, wanda jami'ar Maraɗi ke ɗauke da sunansa a yau, suka wallafa sakamakon tantance sinadaran tsirran da masu maganin gargajiya ke amfani da su. Fiye da shekara 30 kenan da aka hau matakin farko.

Ganye huɗu da kowa ya sani

Sabara, wadda masana ke kira Guiera senegalensis, na da tanin mai yawa. Tanin ne ke sa baki ya yi bauri, kuma yana tsuke fatar hanji, wanda ke iya zama dalilin da ya sa aka daɗe ana sha don gudawa. A 2006 masu bincike daga Marseille ta Faransa da Burkina Faso sun ware sinadaran harman da tetrahidroharman daga sabara, suka ga suna hana ƙwayar zazzaɓin cizon sauro yaɗuwa a ɗakin gwaji. Sun kuma ga wani sinadari mai suna guieranone A na kashe ƙwayoyin cutar daji a faranti. Daga irin wannan sakamako ne jita-jitar maganin daji ke tasowa, alhali sinadarin da ke kashe ƙwayar halitta a faranti abin taka-tsantsan ne kafin ya zama abin murna. Shi kansa harman yana taɓa aikin ƙwaƙwalwa, kuma ana samun sa a kofi da hayaƙin taba. Sannan tanin na kama sinadarin ƙarfe a cikin hanji, don haka mai ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini, idan tana korawa da ruwan ganye mai bauri, tana rage wa kanta amfanin ƙwayar.

Anza kuwa, ko hanza, darasi ce da mutanen Damagaram suka sani tun kafin a gina jami'a. A shekarun yunwa, ciki har da 2005, ƴaƴanta sun riƙe gidaje da dama. Amma ba mai cin ta ɗanya. Sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ɗacin nan na zuwa ne daga sinadarin gulukokafarin, wanda idan aka murje ganye ko ƴaƴan yake rikiɗewa ya fitar da wani tururi mai guba ga ƙwari. A 1993 masana daga Senegal da Beljiyam sun nuna wannan tururi ne ke kashe ƙwaron wake, wanda ya bayyana dalilin da ya sa manoma ke sa ganyen anza a rumbu. A birnin Damagaram, kamfanin Sahara Sahel Foods na sarrafa anza ya cire ɗacin ya mayar da ita abincin sayarwa. Sinadari ɗaya ne, a rumbu yana tsare wake, a ciki kuma sai an wanke shi kafin a ci.

Filasko na cikin ganyen da kimiyya ta gama tabbatarwa. Sinadaransa, sennosaid, ba sa aiki sai sun isa babban hanji, inda ƙwayoyin halittar da ke zaune a can ke farfasa su, su motsa hanji. Shi ya sa wanda ya sha da dare sai da safe yake jin aikinsa. Ganyen danginsa, wanda duniya ta sani da senna, na cikin jerin muhimman magunguna na WHO, kuma tun ƙarni na 18 ayarin fatake ke ɗaukar irinsa daga ƙasar Abzin zuwa Tarabulus. Duk da haka, masu shan sa kullum da sunan wankin ciki ko rage tumbi na zubar da ruwan jiki da sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ke dogara da shi.

Sai bedi ko dogon yaro, wanda ya yi wa titunan Damagaram rumfa. A 1959 masanin ƙwari ɗan Jamus Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kowane kore ta bar shi. A 1968 aka ware sinadarin azadiraktin a Ingila, wanda ya fi yawa a cikin ƴaƴan, kuma yau ana sayar da shi a matsayin maganin ƙwarin gona a duniya. Ƙarfinsa a gona tabbatacce ne. Amma ruwan ganyensa bai samu hujjar da za ta sa ya maye gurbin maganin zazzaɓin cizon sauro na asibiti ba, kuma likitoci a Malesiya da Indiya sun ba da rahoton jarirai da suka yi amai da jijjiga suka suma bayan an ɗura musu man ƴaƴansa.

Inda kasadar take

Hausawa na cewa zuma ga zaƙi ga harbi. Duk ganyen da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa, abin da ke raba biyun shi ne awo. A nan ne maganin leda ke da rauni. Yawan sinadari a ganye na sauyawa da irin ƙasa, da lokacin tsinka, da shekarun bishiya, da yadda aka shanya. Ganyen da aka tsinka a damina da wanda aka tsinka a bazara ba ɗaya ba ne, amma duka da cokali ɗaya ake aunawa. Garin da ya kwana a danshi kuma na iya yin funfuna mai illata hanta.

Matasa sun san misalin zaƙami, wanda wasu ke kira haukata yaro. Sinadaransa, atirofin da sikofolamin, likitoci na amfani da su a awon da bai kai ƙwayar gero ba. A hannun mai jiƙawa a kwalba kuwa, sakamakon shi ne gushewar hankali, bugun zuciya da sauri, wani lokaci mutuwa.

A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba na ganye a wani asibiti a Brussels. Bincike ya gano an yi kuskuren musanya wani tsiro da wani daga dangin Aristolochia. Da yawansu sun koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya suka kamu da dajin mafitsara. Cibiyar binciken cutar daji ta duniya da ke Lyon ta sa sinadarin wannan dangi a rukunin farko na masu jawo daji. Ɗan uwan wannan tsiro na cikin kayan masu maganinmu, shi ne duman dutse ko madacin ƙasa. Illarsa ba ta bayyana ranar da aka sha, sai bayan watanni ko shekaru, lokacin da ba wanda zai tuna da kwalbar.

A maƙwabciya Najeriya, a watan Yunin 2023, binciken jaridar Premium Times da Dubawa ya bankaɗo maganin da aka fi sani da Baba Aisha, wanda ake tallarsa da lasifika a tituna. Gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna bai warkar da zazzaɓin cizon sauro ba, kuma yana illata ƙoda da hanta. Hukumar NAFDAC ta rufe wurin haɗa shi a Kaduna. Tun da kaya na ƙetarowa daga Kano da Daura zuwa kasuwar Dole, ya kamata mai saye ya san cewa lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L rajistar wucin gadi ce ta shekara biyu. Tana nufin an duba lafiyar shan maganin, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa.

Gwamnatoci ma kan faɗa wannan rami. A watan Afrilun 2020 shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya ƙaddamar da Covid-Organics a matsayin maganin korona, Nijar da Najeriya na cikin ƙasashen da suka karɓa. Da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta gwada, sai ta ce ba ta ga hujjar yana warkar da cutar ba, kuma babban abin da ke ciki shi ne Artemisia annua, ɗan uwan tazargade.

Waɗanda suka bi hanyar har ƙarshe

Abin lura shi ne daga wannan tsiro na Artemisia annua aka samu maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a asibitocin Damagaram. A 1967 ƙasar Sin ta buɗe wani shiri na neman maganin cutar. Masaniya Tu Youyou da tawagarta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, suka gwada ɗaruruwan tatattun ganye. Da farko sakamakon tsiron bai tsaya ba. Sai ta koma wani littafin likitanci na ƙarni na 4, ta lura cewa jiƙawa ake yi a ruwan sanyi, ta gane tafasawa na lalata sinadarin. A 1971 samfur na 191 ya yi aiki, a 1972 aka ware artemisinin, a 2015 ta karɓi kyautar Nobel. Ilimin magabata ne ya nuna hanya, awo da gwaji suka kai ga magani.

Duk da haka WHO, a matsayarta ta 2019, ba ta goyi bayan shan tsiron a matsayin shayi ba. Dalili shi ne yawan artemisinin a ganye na iya kamawa daga kashi 0.01 zuwa sama da kashi 1 cikin 100. Wanda ya sha kaɗan zai ji sauƙi, amma ƙwayar cutar ba ta mutu duka ba, kuma wadda ta tsira ita ke koyon jure magani. An riga an tabbatar da alamun wannan juriya a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Idan ta iso Sahel, ƙasa kamar Nijar ce za ta fi kowa ji a jiki.

Misali mafi kusa shi ne Mali, abokiyar Nijar a ƙawancen AES. Tun 1968 take da cibiyar binciken maganin gargajiya a Bamako, wadda Farfesa Rokia Sanogo ta shahara da jagorantarta. Cibiyar ta fitar da ingantattun magungunan gargajiya guda bakwai da suka shiga jerin muhimman magungunan ƙasar. Daga cikinsu akwai Laxa-cassia, wanda ganyen filasko ne, da Hépatisane, wanda ganyen geza ne. Duka biyun na tsirowa a dajin Nijar. Abin da Mali ta ƙara shi ne tantance tsiro, tsaftace shi, auna shi a ƙunshi, da rubuta cutar da yake yi wa aiki da adadin da za a sha.

A ƙauyen Missidougou na yankin Sikasso kuma an gwada dafaffen ganyen Argemone mexicana, wanda Hausawa ke kira kwarko, aka kwatanta shi da maganin asibiti. Sakamakon da aka wallafa a 2010 ya nuna kashi 89 cikin 100 na waɗanda suka sha ganyen ba su buƙaci wani magani ba cikin kwana 28, a ɓangaren maganin asibiti kuma kashi 95. Amma ganyen bai share ƙwayar cutar daga jinin yawancinsu ba, kuma ƴaƴan wannan tsiro guba ne. A Senegal, wani gwaji da aka wallafa a 2017 ya nuna geza da zoɓo sun sauko da hawan jini marar tsanani, ko da yake ba su kai ƙwayar ramipril ba. Irin wannan sakamako, mai faɗin inda ganye ya yi da inda ya gaza, shi ne abin da likita zai iya aiki da shi.

Najeriya ta ba da darasi na daban. Cibiyar NIPRD, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya ta fitar da Niprisan don masu sikila. A cikin haɗin akwai masoro, kanumfari da karan dafi, wanda dukawa ke rina jar fata da shi. Gwajin da aka wallafa a 2001 kan mutum 82 ya nuna yana rage yawan tashin ciwo mai tsanani. An ba kamfanin Xechem na Amurka lasisi, aka ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kasuwa har sai da May & Baker ya karɓi lasisi a 2018. Kimiyya ta yi nata, kuɗi da shugabanci suka gaza, majinyata suka yi shekaru suna jira.

Me ya rage ga Damagaram?

Kayan aikin ba su yi ƙaranci kamar yadda ake zato ba. Jami'ar André Salifou ta Damagaram na da tsangayar kimiyya da ta lafiya, ga babban asibitin ƙasa a cikin gari, ga ɗakin gwajin LANSPEX a Yamai mai aikin duba ingancin magunguna. Dokar harhaɗa magunguna ta 1997 ma ta tanadi matsayin maganin gargajiya. Abin da ake buƙata shi ne a haɗa waɗannan a kan manufa ɗaya.

Na farko, a taƙaita. Maimakon kowace shekara ɗalibai su maimaita gwajin kumfa da launi a kan ganye hamsin, a zaɓi uku ko huɗu da jama'a suka fi sha, kamar sabara, geza da filasko, a bi su har matakin awo da gwajin majinyata. Ga filasko da geza ma ba sai an fara daga tushe ba, tun da Bamako ta riga ta yi nisa, kuma yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu ba abu ne mai wuya ba a yanzu.

Na biyu, a bi kasuwa. A riƙa sayen kwalabe da ƙulle-ƙullen da ake talla a tasha da rediyo ana gwadawa, a kuma sanar da sakamako da Hausa. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama maganin ƙarfin maza na ganye da aka cakuɗa da ƙwayar sildenafil a ɓoye, wadda ke iya kayar da mai ciwon zuciya.

Na uku, a kare haƙƙin masu ilimin. Mai magani a ƙauyen Dakusa ba zai buɗe sirrin da ya gada ba idan ya san sunansa zai ɓace a hanya. Tsoron nasa na da tushe. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka haƙƙin mallakar wani maganin funfuna daga dogon yaro, sai da aka yi shari'a har 2005 kafin a tabbatar da soke shi, bisa hujjar cewa manoman Indiya sun daɗe da sanin hakan. Nijar na cikin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan raba amfanin albarkatun halittu, kuma a watan Mayun 2024 hukumar WIPO ta amince da yarjejeniyar da ke tilasta wa mai neman rajista ya faɗi inda ya samo tsiro da ilimin. Sai dai takarda a Geneva ba ta aiki a ƙauye sai an rubuta yarjejeniya da mai maganin tun ranar farko.

Na huɗu, a tsare bishiyar. Manoman Maraɗi da Damagaram sun ba duniya mamaki da sassaben zamani, inda aka ƙiyasta sun farfaɗo da bishiya miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Ganye na sake tohowa, amma saiwa da ɓawo idan aka kwashe su bishiya ta tafi. Kasuwar da ba ta da ƙa'ida na iya cinye abin da aka yi shekara 40 ana renonsa.

Kafin a kai can

Duk waɗannan ayyukan hukuma ne, kuma za su ɗauki lokaci. Mai karatu kuwa, ko yana Yamai ko Tamanrasset ko Jidda, gobe ma za a turo masa bidiyo, ko a kira shi daga gida a ce a aiko da kuɗin magani.

Idan zazzaɓi ne, musamman ga yaro ko mai ciki, gwajin jini na ƴan mintuna ne, kuma zazzaɓin cizon sauro na iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan gudawa ce, ruwan gishiri da suga da ƙwayar zinc ne ke ceton rai. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya ajiye ƙwayarsa saboda garin ganye, kuma idan yana sha ya faɗa wa likitansa, domin haɗuwar biyun na iya kayar da suga ko jini fiye da kima. Kwalbar da ba ta faɗi sunan tsiro, awo da ranar lalacewa ba, ko wadda ta lissafo cuta goma, ba ta cancanci kuɗin da aka sha wahalar nema a ƙasar waje ba.

Idan kuma mai talla ya ce bincike ya gano, tambaya uku sun isa: a faranti aka gwada, ko a ɓera, ko a mutum? Mutum nawa? Nawa aka ba su? Sabarar da ke bakin gonakin Dakusa na iya zama tana ɗauke da maganin da zai amfani duniya, kamar yadda ɗan uwan tazargade ya yi. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin nan aiki ne da ke jiran jami'o'i da hukumomin Nijar tun 1992.